Abin da Ya Rage a Ƙarshen Tef

Zuwa ga aminina, Mai Gaisuwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙarfin jiki? Yaya uwargida da ɗawainiya? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ina nan yadda ka bar ni, sai dai gwiwa.

Takardar Autarka ta iso. Ta ce shekara shida ke nan da ciwon nan ya riƙe maka harshe, ga 'yarta ta yi wayo ba ta taɓa jin muryar kakanta ba. Tana so in nemo mata ko da shiri ɗaya cikin waɗanda ka yi a gidan rediyonmu. Na ce mata zan duba. Abin da ban faɗa mata ba shi zan faɗa maka.

Ka tuna zamanin Tsoho, wanda ya kafa gidan: labarai, farashin kasuwa, sanarwar rasuwa, sai gaisuwarka ta yamma, shekara goma sha tara. Duk ni na ɗauka a tef, na rubuta kwanan wata a bayan kwali. Da ya rasu, ɗansa ya ce mutane sun gaji da surutu, kiɗa suke so, ya sallame ku. Sabon tef kuwa bai taɓa saya ba. In za a ɗauki talla sai a ce, Injiniya, goge ɗaya. Ni kuma in miƙa hannu kantar ƙasa, don ita ce kusa, kuma naka ne a wurin. Ba da wata manufa ba, wallahi. Ban ma ji komai ba a lokacin.

Daga baya ɗan ya sayar wa masu maganin gargajiyar nan da gidan, muka shekara bakwai muna warkar da basir daga safe har yamma. Bayansu sai kamfanin da har yau ban ga fuskar kowa a cikinsu ba. Shirinsu daga can wani gari yake zuwa ta kwamfuta, ɗakin makirufo a kulle yake, ni kaɗai na rage, in kunna da safe in kashe ƙarfe shida.

Fata ɗaya nake da shi. A zamanin masu magani injin gogewa ya mutu, sai dai a ɗora sabuwar magana a kan tsohuwa. Inda sabuwar ta ƙare da wuri, wata ƙila wutsiyar tsohuwar tana nan. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

A gaida gida.
Naka,
Injiniya

Aminina,

Ina fata kun yini lafiya, kuma kana shan magani ba sai an yi dambe da kai ba.

Tef ɗari biyu da sha ɗaya na saurara cikin mako uku. Yanzu na haddace maganin basir fiye da mai shi. A na ɗari da casa'in na same ka, bayan mutumin ya gama ba da lambar shagonsa. Daƙiƙa biyar ce kacal. Ba ma cikin shiri ba ne, maganar da kake yi min ce ta gilashin ɗakin makirufo bayan jar fitilar shiri ta mutu, ni kuma kullum ina makara wajen tsayar da inji. Makarar da Tsoho ya yi ta yi min faɗa a kanta, ita ce ta ajiye mana kai.

Na zaci zan yi kuka ko in yi dariya. Na zauna ne kawai ina kallon inji, har shayina ya huce.

Sai labari na biyu. Kamfani ya aiko takarda, ranar Juma'a za a rufe gidan. Sun ce ba mai kama matsakaicin zango yanzu, kuma an sayar da filin eriya, za a yanka shi filoti-filoti. Na sa hannu na ba mai kawowa.

Tef ɗin ya yi danƙo, juyi ɗaya da na yi masa ya bar baƙin gari a kan inji. Ba na jin zai ɗauki fiye da juyi ɗaya nan gaba. Wayata kuwa ka san ta, kira kawai ta iya. Don haka ga shawarata: ranar Juma'a, shida saura minti ɗaya, zan yanke shirin kamfani in sa ka a iska. Ba su da sauran abin da za su kore ni daga gare shi. Garinku yana bakin iyakar inda muke kaiwa, don haka Auta ta sa sabon batir, ta kai rediyo bakin taga, ta yi ta juya ta har shuu ɗin ya ragu, ta kashe fanka, sannan ta kanga wayarta ta ɗauka. Kada ta makara kamar ni.

Naka,
Injiniya

Aminina,

Ina gaisuwa, ina gaida uwargida da ƙaramar.

An yi. Na ƙara wa tiransimita, injin watsa shiri, wuta har allura ta taɓa ja, abin da ban yi ba tun zamanin Tsoho. Na sauke shirin kamfani a tsakiyar magana, na saki tef. Sai ga ka, har da ƙarar kujerar nan taka:

"Mun sauka? To Injiniya, kashe mu tafi gida."

Tef ya tsinke daga nan. Na kashe. Shekara arba'in da ɗaya, maɓalli uku ne kawai. Na ɗan tsaya a baranda kamar yadda na saba tsayawa kafin ka ɗauko hularka, sannan na tuna, na kulle ƙofa na ba maigadi makulli.

Auta ta kira ni ina hanya. Ta ce ta ɗauka, da shuu amma ana ji sarai, kuma kai ka ɗaga hannunka na hagu ka sauke, yadda kake yi min ta gilashi. Ta ce yarinyar ta saurara ya fi sau ashirin, tana yawo a tsakar gida tana cewa kashe mu tafi gida, kuma ta dame su da tambayar wane ne Injiniya.

Na ce Auta ta bari sai na zo. Ina tafe ranar Lahadi in Allah ya kai mu, ni zan faɗa mata a gabanka: shi ne wanda ya goge sauran.

Ka huta lafiya.
Naka har kullum,
Injiniya