Minti Goma na Kaka Aslak

Gwaggo Berit,

Gaisuwa mai yawa. Ya aikin tafinta a ofishin iyaka? Ki yi haƙuri na dame ki.

Bareyinmu na kiwo goma sha bakwai sun fasa shinge sun haye kogi zuwa ƙasar can. Jiya Kaka Aslak ya hango su, ya manta doka ta hana ɗaga murya zuwa tsallake, ya rera musu kiransa. 'Yan sandanmu suka tsayar da shi. Ya ce, "Yara, da dabbobina nake, ba da gwamnatinsu ba." Idan ƙanƙara ta sauka za su nausa daji, mun rasa su ke nan. Ko akwai abin yi?

'Yarki,
Risten

Risten,

Ina amsawa. Ki ce wa tsohon nan ya ja mini aiki: ƙorafi shafi uku mutanen tsallake suka aiko. Shekara biyu manyanmu da nasu ba sa gaisawa, zaman tattaunawar iyaka kaɗai ya rage. Ranar Talata Kanar ɗinsu ya tambaye ni, "Da ya kira, sun juyo?" Na ce sun ɗaga kai. Ashe kwana huɗu sojojinsa suna korar bareyin a banza.

Ku zo bakin kogi Juma'a da hantsi. Kar ki ɗaga wa kowa hannu.

Berit

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Kunya ta hana ni matsowa jiya. Na ji kina karanta takardar: ƙasa biyu sun sa hannu Kaka ya ɗaga murya minti goma.

Kaka ya ce, "Riƙe min hula, 'yar boko." Ya fara. Bindigogi nan da can, babu mai motsi. Sai a minti na bakwai babbar barewar ta faɗa ruwa, saura suka biyo. Ƙaramar ta tsaya tana rawar jiki a gaɓa. Agogona ya cika goma, Kaka bai daina ba. Na dubi Kanar, na ga ya sa hannayensa a baya yana kallon sama, har ta haye.

Gwaggo, minti goma sha huɗu ne. Na ƙirga. Za a kama Kaka?

Ki huta lafiya,
Risten

Risten,

Minti goma muka rubuta. Su ma haka suka rubuta. Ki gaida tsohon.

Berit