Facin da Aka Yi Mini da Naman Cinyata

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Ni dai da sauƙi, daga gadon asibiti nake rubuto miki.

Kin san tun da aka yi mini aikin haihuwa ɗinkin bai kama ba, har hanji ya riƙa turowa ta ƙarƙashin fata. Ragar roba da likitoci suka sa don toshe ramin ta yi ruwa, suka cire. Wannan karon likita ya ce jikina ba ya son baƙo, shi ya sa suka yanko tsoka da fata daga cinyata ta hagu, da jijiyar jininta ba a tsinke ba, suka juyo da ita sama suka rufe ramin. Baban Ɗan Lele yana tsokanata, wai yanzu in na ji yunwa cinya ce ke kuka. Dariya ma ciwo take yi mini.

A littattafan soyayyar da nake karantawa amarya kan fito daga asibiti a sa mata furanni. Ba wanda ya taɓa rubuta robar da ke tsiyayar da ruwa daga ciki.

An hana ni ɗaukar abin da ya fi buta nauyi. An kuma ce in haƙura da wani cikin. Shi ke nan, Ɗan Lele ne kaɗai rabona.

Ki gaishe da kowa.
Ƙanwarki

Yayata,

Ina gaisuwa, ya jikin Mama? Na jima da komawa gida, facin ya kama, alhamdu lillahi.

Yaya, zuciyata ce ba lafiya. Da na dawo, kullum sai yaron nan ya taho da tatatarsa ya miƙo hannu in ɗauke shi, ni kuwa in kau da kai, kakarsa, uwar mijina, ta sure shi yana ihu. Ita ta koya masa cewa Umma ciwo ce, kada ya taɓa. Don ni ta yi, ban ga laifinta ba. Watanni ana haka, har ya daina miƙowa.

Jiya likita ya yarda in ɗauke shi in ina zaune. Ina dawowa gida, ko mayafi ban cire ba na zauna a tabarma, na buɗe hannuwa ina kiransa. Ya zo, ya tsaya nesa kaɗan, ya ɓoye hannuwansa a baya. Sai ya sunkuya ya hura wa cikina iska, ya ce, "Sannu, Umma," ya koma ya hau cinyar kakarsa.

Ke da kika raini biyar, ki gaya mini yadda ake koya wa yaro ya sake neman uwarsa. Ki yi mini addu'a.

Taki har kullum,
Ƙanwarki