Tsofaffinmu Ba Ƙi Sunka Yi Ba, Surukansu Ne a Ciki

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Lafiya na Mahalliyyarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya.

Ni ne Ummaru ɗan Gambo, mai hawasha, wato gonar ban ruwa, a wata hillar Hausawa, ƙauye kusa da Wad Haddad. Ban yi boko ba, ban shiga madarasa ba. Maƙwabcina Ustaz Bello ke riƙe da alƙalami, kuma na gaya mishi in ya tausasa mini magana ko guda, ban yafe ba.

Ranka ya daɗe, Hajja ta dawo! Mai ɗakina, uwar 'ya'yana tara, ta dawo daga asibitin Madani da ƙafarta, ta sauka daga mota tana yi mini faɗa don ta tarar awaki sun cinye mata kuɓewa. Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa irin na rannan ba. Na yanka rago, hilla duka ta ci. An cire mata sankarar mama, abin da ku ke kira saratan, kuma likita ta ce ta zo tun abin yana ƙarami. Tana ci gaba da magani, amma ga ta nan tana gasa bunnu, 'ya'yan gahawa, da hannunta. Ina cikin wanga farin ciki ne na ce bari in faɗi ɓacin raina tun ina da ƙarfin faɗi. Ƙorafina da yawa a duniya, tun daga ruwan tur'a, magudanar ban ruwa, da ba ya isowa bakin gonata sai dawa ta sunkuya, amma wannan ba naku ba ne. Ga naku.

Na ɗaya. Bara, tsakiyar tsinkar auduga, kunka aiko mata uku da mota su wayar da kan matan hillarmu a kan ciwon mama. Madalla. Sai sunka tara kowa a aji guda na makaranta: amarya, mai ciki, mai goyo, kaka. Hajja ta bar buhunta a gona, ta yi wanka, ta yafa sabon tob, mayafin matan nan, ta tafi. Tana isa bakin ƙofa ta hango Amna, matar ɗanta na fari, zaune a layin gaba, ga kuma hoton mace tsirara an liƙa a allo. Ta juyo. Duk tsohuwar da ta iso ta leƙa, ta ga surukarta, ta juyo. Sunka taru gindin dalbejiya sunka zauna kamar masu jiran gawa, har mota ta tashi. Daga baya daya, wato ungozomarmu, ta gaya mini an rubuta a takardarku wai manyan mata sun ƙi halarta. Ranka ya daɗe, wannan ƙazafi ne! Matar da ko sunan ɗanta na fari ba ta kamawa, shekara arba'in, ita za a ce ta zauna kafaɗa da kafaɗa da matarsa ana nuna nono a allo? Da ɗaya daga cikin ma'aikatanku ta taka zuwa gindin itacen nan ta tambaya, da ta ji.

Na biyu. Da Larabci anka yi bayanin. Yaranmu sun fi mu Larabci, har wasunsu Hausar ma ƙwaƙwalo ta su kai. Tsofaffi kuwa Larabcinsu na kasuwa ne da gaisuwa. Da shi za su sayi sukari, ba da shi za su fahimci abin da ke cin jikinsu ba.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Shekara da shekaru duk abin da ke zuwa mana daga wajenku na mai ciki ne da jariri. Sai matanmu sunka ɗauka duk wadda jini ya ɗauke mata ta gama da asibiti, sai dai likkafani. Hajja da bakinta ta ce mini nonon da ya shayar da tara ya yi ritaya, me zai kama shi? Ashe akasin haka ne. Ashe gwargwadon yadda mace ke manyanta, gwargwadon yadda ya kamata a riƙa duba ta. Waɗanda sunka fi bukatar maganar su ne ke zaune a waje.

Yanzu ka ji yadda Allah ya tsamo Hajja, don ka san ba takardarku ta yi aikin ba.

Amna ta ji darasin duka, ta kuma lura kwana biyu surukarta na yawan kai hannu gefen ƙirji in tana alwala. To ta yaya za ta tunkare ta? Ba hanya. Sai yarinyar nan, Allah ya yi mata albarka, ta ɗauko tandar kisra, wainar dawarmu, ta kafa jikin zana, daidai inda Hajja ke zama tana tsince waken suya, ta ɗaga murya tana hira da maƙwabciya ta tsallaken zana, da Hausa tsantsa. Wai ke Zainabu, kin ji abin da matan can sunka ce? Wai ƙullutun da ba ya ciwo shi ne abin tsoro. Wai a shafa da tafin yatsu, har ƙarƙashin hammata. Wai in fata ta lotsa, ko kan nonon ya shige ciki, ko wani ruwa na fita, a je a duba, ko da mace ta daina ganin wata shekara ashirin. Zainabu na can tana ta cewa ai tare munka je, na ji! Amna ba ta fasa ba. Kwana uku tana wanga karatu, kisra na ƙonewa. Ni har na yi mita a kan ƙauri.

Rana ta huɗu Hajja ta tafi wajen daya. Akwai abu kamar ƙwallon dabino a gefen hagu, tun damina, ba ta gaya wa kowa ba.

A nan Ustaz Bello ya ce sai na faɗi nawa laifin. To, na ce a jiƙa bagaruwa a ɗaure wurin. Na ce abin da ba ya ciwo ba ciwo ba ne. Na ce a bari a gama tsinka, kuma ba namijin da zai taɓa mini mata. Da safe Hajja ta yafa tob, ta ɗauki 'yar jakarta, ta ce: "Malam, auduga taka ce, ƙirjin nawa ne. In ka gama tsinka ka same ni." Ta kama hanyar titi. Na bi ta a kan jaki ina kira, ko waiwaye. Ban ce na yi kuskure ba. Na dai sake shawara a bakin titi. A Madani kuwa mace ce ta duba ta, anka ɗauki hoto, anka ɗebi ɗan abin da allura, sannan anka yi aiki.

Tun da ta dawo gidana ya zama asibiti. Da hantsi tsofaffi ke zuwa ɗaya bayan ɗaya, wai shan jabana, wato gahawa, sai su ja ta ɗaki su ce Hajja taɓa nan ki ji. Hajja ba likita ba ce. Cikinsu akwai yayata. Ba zan faɗi sunanta ba, ko da yake ita kaɗai gare ni. Hajja ta taɓa ta, ta fito fuskarta ba daɗi. Ta yi, ta yi da ita su je Madani, ta ƙi. Ta fi ni taurin kai, nono guda munka sha. Ta ce ba ta buɗe jikinta gaban 'ya'yan cikinta, ba ta kuma yarda a yi magana a kanta da harshen da rabinsa ke wuce ta. Amma ta ce in mace babba ta zo nan, ta yi mata bayani da Hausa, babu yara a wurin, za ta bari a duba, kuma in an ce ta tafi za ta tafi. Ni ƙanenta ne, ba ni da bakin yi mata wagga magana. Kowace safiya ina ganin ta tana wucewa da tulu, ina lissafin tun yaushe abin ke jikinta.

Don haka ga roƙona.

Ku dawo, kuma kar ku jira baɗi. Ku ware wa matan da sunka gama haihuwa ranarsu daban, ba suruka, ba ɗiya, ba jika. Ku zo da mace mai shekaru wadda ke jin Hausa. In babu, dayarmu za ta fassara. Kar ku tsaya ga allo da hoto, ku zo da wadda za ta duba a nan take, ta ba wadda ke bukata takardar zuwa Madani. Kuma a goge wancan layi da ya ce sun ƙi.

Kar ku ce ba wuri. Na kafa rakuba, wato rumfa, bayan gidana da hannuna, na rufe ta da karan dawa, na kewaye da zana biyu, ko kaza ba ta leƙe. Tabarma goma na shimfiɗe. Ranar da za ku zo ni da kaina zan zauna bakin hanya da sandata, duk surukar da ta matso in kora ta, har Amna, duk da ita ta ceci gidana.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare maka mahaifiyarka in tana raye, ya ji ƙanta in ta riga mu. Hajja ta ce in gaya muku ita za ta fara yaye tob ta nuna musu tabon, don su ga an yanka kuma ga ta tana shan jabana. Yayata ta riga ta zaɓi tabarmarta, ta kusa da ƙofa.

Wassalam.

Ummaru ɗan Gambo