Mai Amsa wa Kawunka Mukhtaru

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Hatim, a birnin Balin.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, Allah Ya kare ka daga sanyin ƙasar nan, Ya sa albarka a aikinka. Mu nan unguwar Ka'akiyya a Makka lafiya lau muke, sai gwiwata da ta ƙi ta ƙi, har likita ya hana ni hawa bene. 'Yar'uwarka Suhaila ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata Rakiya. Da gangan na rubuto maka da Hausa, ko da za ka kwana biyu kana haɗa baƙi, domin maganar da ke tafe da ni ba ta Larabci ba ce.

Hatim, raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Shekararka uku a Jamus, tsakaninka da kawunka Mukhtaru tafiyar awa biyu ce a jirgin ƙasa, amma ko sau ɗaya ba ka taka ka gaishe shi ba. Kullum na tambaya sai ka ce shugul ya yi yawa. Makon jiya na gano ba aiki ba ne. Kawunka Garba da bakinsa ya gaya mini cewa ranar da za ka tashi ya ja ka gefe, ya ce ka nisanci ɗan wasan kwaikwayo kada ya lalata ka. Yana faɗa yana shafa gemu kamar wanda ya yi abin kirki. Na ce masa laifi tudu ne, kuma tun da nake ban taɓa jin inda aka ce wasan dandamali yana yanke zumunci ba. Ya tashi bai sha shayinsa ba, ni kuwa ban raka shi ba.

Tunda abin da ka sani game da Yaya Mukhtaru daga bakin Garba ka ji shi, bari in gaya maka nawa. Mahaifinmu a unguwar Jarwal yaron wani muɗawwifi ne, shi ke jagorantar alhazan ƙasar Hausa wajen ɗawafi da sa'ayi. Yakan faɗi addu'a guntu-guntu da ƙarfi, ya dakata, su maimaita a bayansa. Mukhtaru tun yana shekara goma sha biyu yake karɓarsa idan muryarsa ta dishe, kuma duk hayaniyar Harami na can ƙarshen layi yana jin sa. Da ya girma ya tafi Jamus karatun injiniya, sai ya ajiye, ya shiga gidan wasan kwaikwayo a Hambog. Baba ya yi fushi, gaskiya ne, amma kafin ya rasu ya yafe masa a gabana. Shekara arba'in Mukhtaru ya yi a kan dandamali, ya zama ɗan ƙasa, a wasa ya yi sarki, ya yi bawa, ya yi mahaukaci. Abin da ya fi yin suna da shi kuwa karatun waƙoƙin Jamusawa ne da ka, shi kaɗai a tsaye awa biyu ba takarda a hannu, zaure cike da mutane ba mai ko tari. Da ya zo umara ya taɓa gaya mini cewa Jamusawa suna yaba masa yadda yake dakatawa tsakanin baiti da baiti, ba su san a tsakanin Safa da Marwa ya koyo ba.

To yau wannan mutumin yana gidan kula da tsofaffi, mantuwa ta kama shi. Jamusancin da ya ci abinci da shi ya zube masa kaf. 'Yarsa Khalida, wadda uwarta Bajamushiya ce, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, ita ta nemo lambata ta turo mini hoton bidiyo, ta rubuto da ɗan Larabcinta cewa ma'aikatan sun ce sambatu yake yi. Wai yakan tashi ya yi ta kai-komo a barandar gidan yana ɗaga murya, idan ya zo tsakiya sai ya ƙara sauri, sannan ya tsaya ya waiwaya, ya fusata ya hau bugun bango. Saboda haka suke ba shi maganin da ke kwantar da shi yini guda. Sun kuma ce idan bai lafa ba zuwa ƙarshen wata za su ƙara maganin, su mayar da shi ɓangaren da ake kullewa.

Na kalli bidiyon nan sau ɗaya na ajiye wayar na yi kuka. Sambatu! Hausar Jarwal ce tsantsa. Cewa yake alhazai su matso, su riƙe juna, mata su bi a hankali, kowa ya faɗa a bayansa. Sai ya ja addu'a guntu ɗaya, ya yi shiru yana jira. Sa'ayi yake yi da mutanen Baba, Hatim. Yana waiwayawa ne don ya ga me ya hana su amsawa, kuma abin da ke fusata shi ke nan, ya faɗa ba wanda ya maimaita. Mutanen da suka shekara arba'in suna tafa masa sun aiko da furanni da kati, an jera a taga. Mu kuma danginsa, masu jin abin da yake faɗa, muna nan muna muhawara a kan ko sana'arsa ta halatta.

Na gwada ta waya. Khalida ta kara masa a kunne ina amsawa, amma bai yarda da muryar da ba ta fito daga bayansa ba, ya ture wayar. Da ƙafata za ta kai ni, wallahi da ban tsaya rubuta maka wasiƙa ba. Zumunci a ƙafa yake, taka kuwa lafiyarta ƙalau.

Don haka ga abin da nake so, kuma ba shawara nake ba ka ba. Asabar ɗin nan ka hau jirgi ka je. Kada ka ce mini Hausarka ta yi rauni, ba hira za ka yi da shi ba, ba kuma lallai ya gane ka ba. Ka tsaya a bayansa kawai. Idan ya tafi ka bi shi, idan ya yi sauri ka riƙe masa hannu ka yi sauri, abin da ya faɗa ka maimaita da ƙarfi har ya cika bakwai ɗinsa ya zauna. Ka sa ma'aikatan su tsaya su gani da idonsu. Idan Garba ya kira ka, ka ce masa ni na aike ka, ya zo ya same ni.

Suhaila da mijinta Ayman suna gaishe ka, haka Nuf da Gwaggo Rumasa'u ta unguwar Shisha. Ka gaida Khalida, ka gaya mata tana da dangi a Makka. Kada ka kira ni sai kana tsaye a barandar nan, ina so in ji muryarka a bayan tasa.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Sa'adiya