Allurar Mota Ta Kwanta

Daren Laraba

Da safe na fita gwada motar, sai allurar gudu ta kwanta a kan sifiri, giya ta ƙi canzawa, injin yana ta kuka. Da ƙyar na lallaɓa ta zuwa garejin Sani.

Ya jona na'urarsa, ya shiga ƙarƙashi, ya fito da wani ɗan abu da bai kai babban yatsana ba. Ya ce, "Baba, wannan ne yake gaya wa motar irin gudun da take yi. Ya mutu, shi ya sa ta rikice. Sai an aiko da sabo daga Kaduna."

Na ce to zan lallaɓa a hankali in bi ayarin motocin da jami'an tsaro za su yi wa rakiya jibi. Ya ce, "A dajin nan? Wanda ya rage a baya ba a jiransa, Baba."

Na sani. Amma Yaya Hadiza tana kwance a asibiti can ƙetaren dajin, kuma ita kaɗai ta rage mini. Cunkoson motar haya kuwa, bayana ba zai ɗauka ba.

Ɗazu ta bugo, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Auta, jibin dai ko?" Na ce in sha Allahu. Allah Ya sa ban yi mata ƙarya ba.