Kaset Uku na Tituna, Ban Ga Fuskar Hajo Ba

Zuwa ga Mai Girma Darakta, shugaban ofishin da jikana Nasiru ke aiki a Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka duka, har da sakatarenka mai cewa kana taro.

Ranka ya daɗe, kafin in shiga magana ga kacici-kacici, kai da duk mai karanta wagga takarda. Wace ce ta je Jidda ba fasfo ba tikiti, ta zauna gidan gaba a mota ta zaga birnin kakaf, ta kai ƙofar gidan da ta nufa, anka yi sallama anka amsa, amma ta dawo ba ta ga matar gidan ba? Kada ka yi saurin ba ni gari. Riƙe ta, mu je.

Sunana Kulu, a Argungu nake zaune, kakar Nasiru ta wajen uwa, wanda ke ɗaukar maku hoton bidiyo a ofis. Bokona na ajin yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka. Sau biyu ina hawa mota zuwa ofishinka, sau biyu ana ce mani kana taro. Shi ya sa na ce bari in bi ta jarida, wataƙila a cikin taron wani ya karanta maka.

Ina da ƙanwa, Hajo. Uwa ɗaya uba ɗaya, a Gulma anka haife mu. Tana amarya mijinta ya ɗauke ta sunka tafi aikin Hajji ta ƙasa, sunka zauna Jidda, ba su dawo ba. Muryarta ina da ita, don alhazai na kawo mani kaset ɗinta na rediyo, ni ma in cika nawa in aika. Fuskarta ce ban sake gani ba. Mijinta malami ne da bai yarda da hoto ba, Allah Ya jiƙansa, bara ya rasu. A kaset ɗin da ya zo bayan ta fita takaba ta ce, “Yaya Kulu, yanzu ki turo mai ɗauka ya ɗauke ni, tun da sauran abin ɗauka.” Tana faɗi tana tari, irin tarin da ban so ba. Ni kuwa likita ya ce zuciyata ba ta hawan jirgi ba ce.

Sai ga angona Nasiru ya samu hutun kwana goma. Ka san halinsa. Tun yana rarrafe ya kwance mani rediyo ya bar ni da ƙusoshi a faifai. Duk abin da ke da maɓalli ɗan'uwansa ne. Ya ce Jidda zai yi hutunsa wajen wani abokinsa da ke aiki can, ya yi Umra, ya kuma ba idonsa abinci a kasuwar na'urori. Na ce to madalla, in ka dawo mani ba fuskar Hajo, ka haɗo da takardar sakina. Ya buga ƙirji ya ce, “Kaka, har ƙwayar idonta za ki ƙirga.”

Ina zaune ya haɗa jaka. Agogo mai ƙara in lokacin salla ya yi. 'Yar fanka mai batir, ba ta kai tafin hannu ba. Allura mai nuna alƙibla, ga mutumin da zai je inda alƙiblar take zaune. Sai wata butar shayi da ake jonawa a mota, ka riƙe sunanta, za mu dawo kanta. Tsohuwar kyamararsa mai wanke hoton kati kuwa ya ture ta gefe, wai ta tsufa. Na ce ni ma na tsufa, ture ni za ka yi?

Yanzu ga kukana da kai, ɗana.

Na farko. Ana gobe zai tashi ka kira shi, ka ba shi kyamarar ofis, ka ce ya ɗauko maku titunan Jidda, tunda sabuwar jiharmu na shimfiɗa nata, ku ga yadda na mutane suke. Ban ce niyyar ba ta da kyau ba. Ni ma ina son ranar da zan wuce Ambursa a mota haƙorana biyu da sunka rage ba su gaisa da juna ba. Amma hutu ka ba shi ko aike? Kai ka san wanda ka aika. Wanda ke son rawa ka miƙa wa ganga.

Na biyu. Ka haɗa shi da takardar sayayya: waya marar igiya, da wani inji wai mai tura takarda ta cikin waya. Kwana uku ya yi yana shiga kanti yana fita saboda su. Umra ta ci nata kwanakin, wannan ba ni da ta cewa. Tituna sunka cinye saura. Hajo ba ta samu rabonta ba sai ranar ƙarshe, a kan hanyarsa ta zuwa filin jirgi.

Na uku, shi ne abin da idona ya gani. Da ya dawo, na sa anka kira dangi daga Gulma, munka taru gidansa a unguwar Gesse bayan azahar. Na yi wanka, na ɗaura zanena na Salla, na sa kwalli, kamar Hajo ma za ta gan ni. Anka shimfiɗa mani tabarma dab da talabijin.

Kaset na farko titi ne. Abokinsa ya ara masa mota, shi kuma ya ɗaure kyamarar a gaban gilashi da hiraminsa, don haka duk inda ya juya muna tare. Ba ka jin komai sai muryarsa: “Kaka, dubi gadar sama! Titi bisa titi!” “Kaka, layi huɗu, duka masu tafiya ne!” Mutumin da a nan babur ɗinsa ke tsayawa akuya ta tsallaka, shi ne a tsakiyar motocin Larabawa, ana danna masa oda ta gaba ta baya. Wani mai tasi ya leƙo ya zazzaga masa Larabci yana yarfa hannu. Nasiru ya ce mana wai gaishe shi yake. Na ce in gaisuwa ce wannan, Allah Ya raba mu da zaginsu.

Kaset na biyu ma titi ne. Akwai wani shataletale da anka dasa wa ƙaton keke a tsaka, ya fi rimi tsawo. Sau huɗu muna wuce keken nan. Ya ce don mu gan shi da kyau ne. Ƙarya yake, hanyar fita ce ta ɓace masa, yana ta zagaye awa jakin da anka ɗaure a turke, ga allurar alƙiblarsa a gefe tana ta rawa ba ta ce masa komai ba. Mutanen Gulma sunka yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Yaron ya iya ɗauka, na ga teku, na ga fitilu masu ba mota umarni ba ɗan sanda.

A ƙarshen kaset na uku titin ya tsuke. Munka shiga lungu, yara na wasa, wata mata na tuya a bakin hanya kamar a nan gida. Nasiru ya tsayar da motar. Ya kwance kyamarar ya saɓa a kafaɗa, ya tsaya gaban wata koriyar ƙofa ya yi sallama. Daga ciki anka amsa, “Wa alaikumus salam, wa ke nan?” da harshenmu na Kabi, ko gezau bai yi ba. Na ji jan takalmi a ƙasa, a hankali, irin na mai ciwon ƙafa. Hannu ya fito ya kama labule. Ranka ya daɗe, na san hannun nan. Akwai tabon ƙuna a bayansa, ni na jawo mata shi muna yara, ranar da na ture tukunyar gumin shinkafar innarmu na ce ita ce. Labulen ya fara ɗagawa. Sai talabijin ya koma yayyafi.

Batir ne ya mutu. A nan kam laifin ba naka ba ne, gaskiya ɗaya ce. Ramin jona wuta ɗaya ne a motar, maimakon ya jona batirin kyamara sai ya jona butar shayi, don ya ga ko da gaske tana tafasa ana tafiya. Ta tafasa. A gidan Hajo kuma bakin wayarsa bai shiga ramin bangonsu ba, ga jirgi na jira. Ya zauna da ita ɗan lokaci, ta shafa kansa, ta ba shi dabino da zane ya kawo mani. Ya ce ta rame ƙwarai, amma wushiryarta na nan irin tawa ta da. Da baki ya ba ni fuskar ƙanwata. Tun ranar bai iya haɗa ido da ni, ya zo gaishe ni ya duƙa yana wasa da maɓallin agogo. Ban karɓi takardar sakin ba tukuna, don ban ga wanda zai kwashe shi ba in na bar shi.

Na huɗu. Washegari ofishinka ya aiko anka kwashe kaset ukun, wai injiniyoyi za su duba. Hannun Hajo na cikin na ukun, sau ɗaya tak na gan shi. Da Nasiru ya nemi wani hutun kuma, anka ce ya ci nasa, sai baɗi. Wani alhaji da ya dawo Umra bayansa ya ce mani yanzu Hajo a zaune take salla. Ban san ko tana da baɗi ba, ni ma ban san ko ina da ita ba.

Don haka ga roƙona. A mayar mani da kaset na uku, injiniyoyi su riƙe keken. A ba Nasiru mako guda kafin damina ta sauka, ya ce zai ɗauki nauyin tafiyarsa, izni kawai yake jira. In zai tafi, don girman Allah kada ka aike shi ko allura. Daga filin jirgi mai tasi ya kai shi koriyar ƙofar nan, kada kowa ya ara masa mota. Tsohuwar kyamarar katin ni zan sa ta a jakar da hannuna. Butar shayin kuwa tana wajena, na kulle ta a adaka, in kana so in aiko maka ita ku riƙa sha a taro.

Ban rubuto don in ɓata maka suna ba. Nasiru na yabonka, ya ce kai ka koya masa aiki. Kana da uwa, wataƙila tana da 'yar'uwa, ka karanta mata wagga takarda ka ji abin da za ta ce.

Allah Ya ƙara maka girma, Ya shirya maka zuri'a, Ya ba ka jikokin da za su kwance maka rediyo. Allah Ya sa titunan da kuke shimfiɗawa su kai kowa ƙofar ɗan'uwansa. Allah Ya taƙaita maka taro.

Wassalam.

Amsar kacici-kacicin kuwa, ni ce, Kulu kakar Nasiru, Argungu. A kan tabarma na je, a kan tabarma na dawo.