Dabinon Litinin da Alhamis

Didaure, Sokode

Zuwa ga ɗiyata Zulfa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗalibanki na lekol. Yaya zafin Dapaong?

Na je asibiti kamar yadda kika matsa mini. Likita ya ƙara mini ƙwayar hawan jini, atenolol, a kan maganin sukarina. Sharuɗɗanta sun fi na alwala yawa: kada in daina ta farat ɗaya, kada in sayi maganin mura a tebur. Wai kuma tana ɓoye alamar faɗuwar sukari. Bugun zuciya da rawar hannun da na saba ji ba za su zo ba, sai dai gumi. Ya ce in bar azumin Litinin da Alhamis. Na ce to, don ya sallame ni. Yaron da aka haifa jiya! Shekara nawa muka yi muna yinsa da marigayiya mahaifiyarki?

Gidan shiru, sai kaji.

Mahaifinki,
Issifou

*

Zulfa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na san maƙwabcina Fuseini tela ya riga ni kai miki labari ta waya. Gaskiya ya faɗa. Ran Alhamis bayan la'asar gumi ya jiƙa mini riga, na ce zafi ne, wa ba ya gumi a Sokode? Zuciyata kuwa ko ɗar. Ban farka ba sai a gadon asibiti. Da Fuseini bai leƙo aron tsani ba, da yanzu gaisuwar mutuwa kike karɓa.

Kin ce taurin kai ne. Ba lada kaɗai nake nema ba, Allah ya yafe mini. Tun rasuwar mahaifiyarki, ranakun nan biyu ne kawai nake sa hannu a kwano ɗaya da mutane, in mun sha ruwa a ƙofar masallaci. Sauran ranakun ni da bango muke ci. Kaɗaici ya ishe ni, Zulfa.

Na bar azumin. Ƙwayar ina shan ta kullum, da ɗan sukari a aljihu. Jiya Litinin na ci abincin rana a gida, da magariba kuma na ɗauki dabinona na je wurinsu a ƙofar masallaci, kunya kamar ta kashe ni. Duk sun san ba na azumi. Fuseini ya matsa ya ba ni wuri, ya turo kwanon koko gabana.

In an yi hutu ki zo, ko kwana biyu ne. Ki gaida maigidanki.

Mahaifinki mai kewarki,
Issifou